Wane mai ya dace da kwanson harsashin da za a sake ɗurawa?

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura harsashinsa a gida, da yawa daga cikin maharba da masu gasar harbi ba sa zubar da kwanson tagulla bayan sun harba. Kwanso yakan ɗan kumbura a cikin bindiga, don haka sai an tura shi da injin hannu cikin bututun matsi na ƙarfe ya koma girmansa kafin a sa masa sabuwar hula (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna wuta) da albarushi da kan harsashi. Kwanson ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen jiki yana iya shiga bututun da aka yi wa zoben kabayid (wani ƙarfe mai tsananin tauri) ba tare da mai ba. Na doguwar bindiga kuwa, mai wuya da kafaɗa irin su masu awon .223 da .308 da .30-06, dole ne a shafa masa mai.

Idan man bai isa ba, kwanson zai shiga amma ba zai fito ba. Kana jan hannun injin sai leɓen gindinsa ya yage, ya bar maka tagullar a maƙale. Daga nan sai an huda gindin, an yanka masa zare mai awon 1/4-20, an ɗaura noti an zaro shi a hankali. Idan kuma man ya yi yawa, sai ya taru a kafaɗa, ya rasa mafita, ya lotsa tagullar. Saboda haka jikin kwanso ake shafa wa, musamman wajen gindi inda ya fi kauri, a bar kafaɗa da bayan wuya a bushe.

Wanda ya fi kowanne santsi shi ne kakin gwangwani, kuma sanannensa Imperial Sizing Die Wax na kamfanin Redding. Ka taɓa shi da ɗan yatsa sau ɗaya, ka murza da babban yatsa, ka juya kwanso tsakaninsu. Taɓawa ɗaya tana isar kwanso uku ko huɗu, kuma in har kana ganin kakin fari-fari a jikin tagulla, to ya yi yawa. Shi ake nema wa aiki mai tauri: kwanson soja na 7.62 da aka harba a mashinga ya kumbura sosai, ko sauya kwanso daga wani awo zuwa wani. Gwangwani guda yana ɗaukar dubban kwanso. Aibinsa jinkiri ne, domin ɗaya bayan ɗaya ake yi, kuma hannunka zai yi maiƙo, sai ka wanke kafin ka taɓa hula. Ga mai yin 20 zuwa 100 a zama ɗaya yana neman kowane harsashi ya fito daidai da ɗan'uwansa, ba ni da abin da zan fifita a kansa. Hornady Unique ma haka ake shafa shi, kuma yana aiki.

Tsohuwar hanya ita ce ta katifar shafawa. Ana zuba ɗan RCBS Case Lube-2 a kan soson, a baza shi ya shige, sannan a jera kwanso biyar ko shida a mirgina su da tafin hannu. Ruwa yana wanke wannan man, abin da ya sa goge shi ke da sauƙi. Sai dai sabon shiga yakan cika wa soson mai, kuma nan ne lotsewar kafaɗa ta fi faruwa. Soson da aka bari a buɗe yana kwasar ƙura, ƙurar ta bi kwanso ta karce cikin bututun, daga nan duk kwanson da ya shiga sai ya fito da zane. A riƙa rufe shi. Man kamfanin Lee, mai zuwa a mazubi irin na man goge baki, yana da araha, ana iya tsarma shi da ruwa ko sifirit, kuma yana aiki ko bayan ya bushe a jikin tagullar.

Masu ɗura ɗaruruwa sun fi karkata ga feshi, kuma a nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Hornady One Shot yana da tsabta, yana shiga cikin wuya, kuma kamfanin ya ce ba ya ɓata albarushi ko hula. Amma yawancin labaran maƙalewar kwanso da ake jingina masa daga gaggawa suke fitowa. Dole a girgiza gwangwanin sosai, domin man yana kwantawa a ƙasa ya bar ruwan da ke ɗauke da shi a sama. A jera kwanson a tsaye, a fesa a karkace daga kowane ɓangare, sannan a jira aƙalla minti ɗaya ya bushe. Ka lura cewa allon da aka jera su a ciki yana rufe gindin kwanso, wato daidai inda aka fi buƙatar man. Sabon bututu kuma a wanke man da ya zo da shi daga masana'anta, a fesa masa kaɗan a ciki kafin a fara. Ko da an bi duk wannan, ban ba da shawarar a yi kwanson mashinga da shi ba.

Feshin da ya fi ƙarfi shi ne na lanolin, wato maiƙon da ake samu daga gashin tumaki, a narke cikin sifirit. Irinsa kamfanin Dillon yake sayarwa, kuma da yawa suna haɗa nasu: awo 1 na lanolin mai ruwa-ruwa, awo 10 zuwa 12 na sifirit ɗin aisofurofil mai kashi 99. Mai kashi 70 yana da ruwa da yawa, lanolin ba ya narkewa da kyau a cikinsa. A zuba kwanso 100 a leda ko roba, a fesa sau biyu ko uku, a juya su, a baza su na minti 5 zuwa 10. Sifirit ba shi da santsi ko kaɗan, wanda ya fara matsi kafin ya tashi zai gamu da maƙalewa. Sifirit ɗin yana kuma kama wuta, a nisanta shi da inda albarushi yake. Lanolin yana barin danƙo, kuma in ya shiga wuya ƙwayoyin albarushi kan manne a wurin.

Cikin wuya yana da tasa buƙatar. Lokacin fitowar kwanso, ɗan ƙwallon cikin bututun da ke buɗa wuya yana gogar tagulla; in ka ji yana ƙara ƙiii, to yana jan wuyan, wani lokaci har ya ɗan ɗago kafaɗar da ka riga ka danna. Busasshen gari ya fi dacewa a nan, irin Imperial Dry Neck Lube na gurafayit. Ana tsoma bakin kwanso cikin ƙananan ƙwallayen da ke ɗauke da garin, a ciro.

Man mota da feshin tsatsa na WD-40 ba na wannan aiki ba ne: na farko yana iya kashe hula, na biyu ba ya jure matsi. Kowane iri ka zaɓa, a cire shi bayan an gama. Lokacin harbi kwanso yana buƙatar ya kama bangon ɗakin harsashi, mai santsi kuwa sai ya zame baya ya ƙara wa sakatar bindiga nauyi. Tsumma da ɗan sifirit ya isar wa ƙaramin aiki. Mai yawa kuma a sa a injin girgiza da niƙaƙƙen totuwar masara na kamar minti 15, sannan a duba ramin wuta da ke gindin kowane kwanso, domin gutsuren totuwa yana yawan toshe shi.