Sharhi Kan Kundin Hanyoyin Keke na Yankin Oisans a Tsaunukan Alps

Wani ƙaramin kamfani mai shirya tafiye-tafiyen keke ne ya haɗa wannan kundi, wanda ya ƙunshi taswirorin da ake ɗorawa a na'urar GPS ta kan keke, da ɗan littafin da ke bayanin kowace hanya, da kuma hayar keken tsere ga wanda bai zo da nasa ba. Dukkan hanyoyin daga garin Bourg d'Oisans suke tashi, wani ƙaramin gari a kwarin kogin Romanche da ke kudu maso gabashin Faransa, kimanin kilomita 50 daga birnin Grenoble, a tsayin mita 720 ko kusa da haka. Na yi amfani da kundin a lokacin zafi, na bi yawancin hanyoyin da ke cikinsa, kuma abin da na fahimta shi ne darajarsa tana cikin ƙananan hanyoyin ƙauye da baƙo ba zai taɓa gano su da kansa ba, fiye da shahararrun tsaunukan da ake talla da su.

Hawan Alpe d'Huez shi ne na farko a littafin, kuma babu mamaki, domin shi ne ke jawo yawancin mahaya zuwa yankin. Tsawonsa kilomita 13.8 ne, matsakaicin tsininsa kashi 8.1 cikin ɗari, yana da kwanoni 21 waɗanda aka jera musu lamba daga sama zuwa ƙasa, ta 21 a gindi, ta 1 kusa da ƙololuwa, kowace da allo mai ɗauke da sunan waɗanda suka yi nasara a nan a gasar tseren keke ta Tour de France, tun daga Fausto Coppi a shekarar 1952. Shawarar da littafin ya bayar ta yi daidai ƙwarai: a yi haƙuri da kilomita biyu na farko zuwa ƙauyen La Garde, inda tsinin ya haura kashi 10, domin duk wanda ya saki ƙarfinsa a nan zai neme shi a sama ya rasa. Ya kuma ce a tashi da sassafe, kuma na ga dalilin haka, domin da rana ta take duwatsun da ke gefen hanya suna mayar da zafi kan mahayi, motoci da manyan bas-bas kuma suna ƙaruwa. Hawa ne mai daɗi saboda tarihinsa, amma ba a buƙatar wani kundi kafin a same shi, tun da alluna sun nuna shi tun daga cikin gari.

Inda kundin ya biya ni shi ne hanyar da ke rabuwa daga La Garde ta nufi ƙauyen Auris. Siririyar kwalta ce da aka sassaƙa a jikin dutse, a wasu wurare faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba, dutse a hagu ya rufe sama, a dama kuma ɗan gajeren gini ne da bai kai gwiwa ba, bayansa sai sarari har zuwa kogin Romanche da ke can ƙasa da ɗaruruwan mitoci. Motocin da ke cikin kwarin sai su zama kamar tururuwa a kan zare. Ƙananan tsakuwoyi da suka zubo daga sama suna warwatse a gefen kwaltar, don haka dole idon mahayi ya rabu gida biyu, ɗaya kan taya, ɗaya kan abin kallo, kuma littafin ya yi gaskiya da ya ce a tsaya cak a sauke ƙafa idan ana son a leƙa ƙasa. Na yi tafiya mai nisa a wurin ban gamu da kowa ba sai wani manomi a ƙaramar motar ɗaukar kaya, wanda ya raɓe a wani lungu ya ɗaga mini hannu na wuce. Haka nan hanyar da ke tashi daga ƙauyen Huez ta ratsa Pas de la Confession zuwa Villard-Reculas, sannan ta gangara Allemond, ta fi saukowa ta babbar hanya natsuwa nesa ba kusa ba. Wanda ya zana waɗannan hanyoyi ya hau su da ƙafafunsa, hakan a fili yake.

Sai dai akwai gyara, kuma babba ne, a yadda littafin yake bayyana wahalar hawa. Ga kowace hanya yana ba da tsawo da matsakaicin tsini kawai, alhali matsakaici yana iya ɓoye gaskiya. Misali mafi bayyana shi ne mashigar Croix de Fer, wato wurin da hanya ke ratsa tsakanin tsaunuka, mai tsayin mita 2,067, idan aka hau ta daga ɓangaren Allemond. A takarda tsininta bai wuce kashi 5 ko makamancin haka ba, wanda zai sa mutum ya ɗauka hawa ne mai sauƙi, amma lissafin ya haɗa da gangarowar da ke tsakiyarsa. Bayan ƙauyen Le Rivier hanyar tana sulalewa ƙasa ta wasu kwanoni zuwa bakin kogi, daga nan kuma ta miƙe tsaye da tsinin da ya haura kashi 10, a daidai lokacin da ƙafafu suka huce. Mahayin da bai san da wannan ba zai iso wurin da giya mai nauyi, ya shiga neman sauya ta yana tsakiyar hawa. Da an sa zanen da ke nuna tsinin kowace kilomita, da an raba mutane da wannan wahala. Daga madatsar ruwa ta Grand'Maison zuwa sama, inda itatuwa suka ƙare sai ciyawa da garken tumaki, bayanin littafin ya koma daidai, har ya tuna wa mahayi cewa mashigar Glandon mai mita 1,924 tana nan kusa da mararraba, ana iya leƙa ta kafin a ƙarasa wurin gicciyen ƙarfen da ya ba wa Croix de Fer sunanta.

Gyara na biyu ya shafi rai. Hanyar zuwa mashigar Galibier, wadda ke da tsayin mita 2,642, tana bin babban titin da ke hawa zuwa mashigar Lautaret mai mita 2,058, kuma a wannan titi akwai ramukan da aka huda cikin dutse, waɗanda keke ke shiga tare da manyan motoci. A cikinsu haske kaɗan ne, ƙarar inji tana cika kunne har mutum ya kasa gane ko motar daga gaba take ko daga baya. Layi ɗaya tak littafin ya ware wa wannan batu, keken hayar kuma babu fitila a jikinsa sai da na nema. Ina ganin wajibi ne a ɗaura fitilar gaba da ta baya a kan kowane keke kafin a miƙa shi, a kuma sa alamar kowane rami a taswirar. Batun sanyi ma an taƙaita shi fiye da kima. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka tsakanin Bourg d'Oisans da ƙololuwar Galibier bambancin yana iya kai digiri 12, kuma mai gangarowa da jiƙaƙƙiyar riga yatsunsa na iya sandarewa a kan birki. Rigar tare iska da safar hannu mai rufe yatsu ba kayan ado ba ne a can.

Keken da kansa ban same shi da aibi ba. An haɗa masa giyar hawa mai sauƙi, haƙora 34 a gaba da 32 a baya, wadda ita ce ta ba ni damar juya feda a zaune a wurare masu tsini ba tare da gwiwa ta ɗauki nauyin ba. Birkinsa na faifai ne, kuma na san amfaninsa a gangaren Sarenne, mashiga mai mita 1,999 da ke bayan Alpe d'Huez, wadda gasar Tour de France ta ratsa a shekarar 2013 har wasu 'yan tsere suka koka da haɗarinta. Kwaltar wurin a farfashe take, kwanoninta a matse, babu shinge a gefe, kuma hannu ba ya barin birki har sai an kusa tafkin Chambon. Taswirar ta yi gargaɗi tun kafin a fara sauka, na kuma gode da hakan.

Zan ba da shawarar wannan kundi ga mahayin da ya saba da doguwar tafiya, wanda yake iya hawa na sa'a biyu ba tare da ya galabaita ba, kuma yake da natsuwa a gangare. Sabon shiga ya fara da mashigar Ornon, wadda ba ta kai mita 1,400 ba kuma tsininta yana da sassauci, ya bar hanyoyin jikin dutse sai hannunsa ya faɗa. Kafin a tsayar da ranar tafiya a tabbatar an buɗe manyan mashigai, domin dusar ƙanƙara tana rufe Galibier da Croix de Fer tsawon hunturu, kuma yawanci sai ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni ake share su a ba wa kekuna da motoci hanya.