Avengers na nema, wani Avengers aka tura min

Yara ne suka dame ni a kan sai an samo musu Avengers kafin hutu ya ƙare, na ɗauki filas na kai wa yaron da ke tura fina-finai a bakin layinmu. Kun dai san yadda suke caji yanzu, ba sai na faɗa ba. Bayan sallar isha muka baje a falo, aka kunna, sai ga hoto baƙi da fari, ga wani Bature sanye da kwat, hularsa kamar an kife ƙwarya, yana tafe yana wasa da laima. Ƙaramin ya ce, "Baba, ina mai gudumar?" Kafin minti goma duk sun watse sun bar ni da takaici. Ashe The Avengers na talabijin ɗin Ingila aka zuba min, wanda aka fara nunawa a 1961 ya ƙare a 1969, tun Marvel ba ta yi mafarkin nata fim ɗin ba.

Niyyata da safe in mayar masa da kayansa. Rashin barci ne ya sa na ci gaba da kallo, kuma abin da ya kama ni kashi ɗaya ne tak, na 1966, mai suna The House That Jack Built.

Emma Peel, abokiyar aikin Baturen mai laima, wadda Diana Rigg ta fito a matsayinta, an aiko mata da mabuɗi wai ta ci gadon gida daga wani kawun da ba ta taɓa sani ba. Ta shiga gidan, ƙofa ta rufe. Duk inda ta bi, ko ta hau bene ko ta miƙe da gudu, sai ta tsinci kanta a ɗaki ɗaya, gaban wata na'ura mai gunji. Daga baya ne ta gano gidan gaba ɗayansa inji ne, ɗakunan ke motsawa. Wanda ya gina shi wani masanin injuna ne da ta taɓa kora daga kamfanin mahaifinta, ya riga ya mutu ma, ya bar murya a na'ura da gawarsa a cikin gilashi, burinsa kawai ta haukace. Wallahi ina zaune ni kaɗai ƙarfe ɗaya na dare sai da na waiga na duba ƙofar falo. Ba jini, ba ihu, ba kiɗan tsoratarwa irin na yanzu. Mace ɗaya ce tana magana da zuciyarta, tana lissafi, har ta ɓata injin da dabararta. Shi kuwa John Steed, mai laimar, Patrick Macnee kenan, sai da ƙura ta lafa ya iso. Na so wannan ƙwarai. A shekarun da mace a fim aikinta ta ƙwalla ƙara a zo a cece ta, wannan ita ta ceci kanta, gogan ya zo ya tarar an gama.

Daga nan na zarce. Akwai The Cybernauts, inda mutum-mutumin ƙarfe ke fasa ƙofa da sara ɗaya yana bin wanda ke riƙe da wani alƙalami. Akwai wanda tsiro daga sararin samaniya ke juya tunanin mutane. Sunan dai 'yan leƙen asiri ne, amma rabin abokan gabarsu mahaukatan masana kimiyya ne da tsofaffin sojoji masu taɓin hankali a ƙauyukan Ingila. Shi yana jan tsohuwar mota Bentley, ita tana fizgar Lotus Elan, kuma kullum Mrs Peel yake kiranta, sai ranar rabuwarsu ya ce mata Emma. Wannan kunyar da barkwancin da ke tsakaninsu ya fi min faɗan daɗi.

Sai dai fa kada in cika yabo, don akwai abin da ya tsaya min a rai. Ingilar da suke nunawa ba kowa a cikinta. Titi fayau, ba ɗan sanda, ba mai talla, baƙar fata kuwa sai ka yi ta kallo kafin ka ga ɗaya, alhali Landan ta wancan lokacin cike take da mutanenmu da 'yan Jamaika da Indiyawa. Da farko na ɗauka rashin kuɗi ne, da na lura sai na ga da gangan ne. Ya rage min armashi.

Sannan ga aika-aikar mai turawar. Kashi 161 aka yi gaba ɗaya, ni abin da na samu bai kai rabi ba. Na zangon farko ban ga laifinsa ba, yawancinsu sun ɓace tun a can, guda uku ne kawai suka rage cikakku. Amma na Honor Blackman, wadda ta riga Diana Rigg kafin ta tafi fim ɗin James Bond a 1964, ko ɗaya babu. Rubutun ƙasa babu, ga Turancin manyan Ingila da ake yi ta hanci, sai na mayar baya sau uku kafin in kama zolayar. Mafi ciwo, kashin da Emma Peel ta yi bankwana, daidai tana saukowa daga bene za ta gamu da Tara King da za ta gaje ta, hoton ya daskare. Na cire, na mayar, na gwada a kwamfutar ofis, nan dai yake tsayawa. Na koma wurin yaron, ya ce, "Alhaji, haka na same shi," ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

Na Tara King ɗin kuwa lafiya lau suke buɗewa, duk da su ne ban damu da su ba. Linda Thorson da ta fito a matsayinta ba ta yi laifi ba, amma an mayar da ita yarinya mai kallon Steed da ƙauna, gishirin ya ragu. Na kalli huɗu na ajiye.

Kuɗina dai bai dawo ba, yara kuma har yau suna min tsiya wai na sayo fim ɗin zamanin Kaka. Filas ɗin na nan a aljihun motata, ban goge ba, ina cigiyar wanda yake da cikakken kashin bankwanar nan.