Parasect ɗin roba da aka ɗiga wa baƙin ido

Guda biyu ne a leda ɗaya, Paras da Parasect, dodannin Pokémon (wasan bidiyo da katun na Japan), irin ƙananan nan na roba da ake jerawa a kan kanta. Ba na kamfanin asali ba ne, farashin kaɗai ya isa ya gaya maka, kuma da sanina na biya. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne baƙin idon da aka ɗiga wa Parasect. Ɗigo biyu na baƙin fenti, kowanne bai fi ƙwayar gero ba, amma sun rushe abin da aka gina dodon nan a kansa.

Paras, mai lamba 46 a jerin Pokémon, ƙwaro ne ruwan lemo, da ƙananan naman kaza biyu a gadon bayansa, jajaye masu ɗigon rawaya. Idonsa da baƙi a tsakiya, yana kallonka kana kallonsa. In ya kai mataki na 24 a wasan sai ya rikiɗa ya zama Parasect, lamba 47. Naman kazan nan biyu sun zama ɗaya ƙato kamar malafa, ya lulluɓe bayan gaba ɗaya, idanun kuma sun koma fari fat. Tun a wasannin farko an bayyana dalili: naman kazan ya tsotse ƙwaron, shi ke juya shi yanzu. Sunansa tochukaso, kuma akwai shi a zahiri. Yakan shiga jikin tsutsa a ƙarƙashin ƙasa, ya cinye ta daga ciki, ya tsiro ta kanta. Ana tono irinsa a tsaunukan Tibet, masu maganin gargajiya a Sin suna sayensa da tsada. Shi ya sa ma a wani kashi na katun ɗin a 1998, yarinya mai haɗa magani ta matsu Paras ɗinta ya rikiɗa don ta samu naman kazan Parasect.

Gwanintar masu zanen a nan take. Shiri ne na yara, ba halin a nuna jini ko ruɓa, ba a ba shi haƙora masu ban tsoro ba. Baƙin ido kawai aka cire. Ƙaramin yaro zai ga ƙaguwa mai hula ya yi dariya, yayansa kuma ya kalli farin idon nan ya gane babu kowa a gidan. Wanda ya fenta wannan robar ya ɗauka mantuwa aka yi, ya gyara. Sai ga Parasect yana zare ido kamar wanda aka tayar daga barci, lafiyarsa ƙalau. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sauran aikin kuwa ba laifi, dole in faɗi gaskiya. Malafar ta fito da kyau, jan bai yi ƙyalli da yawa ba, ɗigon rawayan manya da ƙanana ne kamar yadda suke a zanen, ba a jera su kai ɗaya ba. Hannuwan nan biyu masu kama da awartaki sun yi kauri daidai. Paras ɗin ma ba abin da zan ce a kansa. Tsayin Parasect kusan santimita 5 ne, Paras ya ɗan haura 3, ko da yake a lissafin wasan mita 1 ne da mita 0.3, wato ya kamata babban ya ninka ƙaramin sau uku. Wannan na yafe. In don yaro ya yi wasa ne, zan iya cewa a saya.

Sai dai Parasect ɗin ba ya tsayuwa. Malafar curarriyar roba ce, ba rami a cikinta, ƙafafun baya huɗu kuma sirara, da an taɓa tebur ya kifa baya. Ɗan turke ɗaya ke riƙe ta da jikin, gam ɗin kaɗan ne, tana juyawa. Ɗigon gam mai ƙarfi guda a cikin ramin, a danne minti ɗaya, ya wadatar. Naman kazan bayan Paras su ma suna girgiɗi, kuma sun isa su shige maƙogwaro, kada a bar su a hannun ɗan ƙasa da shekara 3.

Idon yana gyaruwa. A tsoma tsinken auduga a sifirit, a goga a hankali har baƙin ya dushe. Kada a kusanto da ruwan goge jan farce, yana narkar da fuskar robar ta yi danƙo. In ya bushe, a shafa farin fentin akirilik siriri da bakin tsinken sakace, a jira minti 20, a sake shafa na biyu. Shafa ɗaya mai kauri curewa take yi ta tsage.

Ko bayan gyaran, baƙin yana ɗan leƙowa ta ƙarƙashin farin in haske ya bugi fuskar, domin fentin nasu ya riga ya shiga robar. Kuma a hoton da mai kayan ya yi talla da shi idon fari ne tas, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na janye cewa a saya. Duk mai son Parasect ya sa mai kaya ya ɗauko masa hoton fuskar wanda ke cikin ledar, daga kusa, kafin ya tura kuɗi.