Zarton ƙarfe na girke ko na hannu: wanne ya dace da ɗan shagon gida?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce kana da ɗan ɗaki a gida inda kake walda da ƙere-ƙere bayan an tashi aiki, injin yanka ƙarfe mai faifai ya ishe ka da ƙara da tartsatsi, kuma kuɗin hannunka na inji ɗaya ne. Kana son sanin wanne ya fi tsakanin ƙaramin zarton girke, wato wanda ake girkewa wuri ɗaya, da ake kira 4x6, da zarton hannu wanda ake ɗauka a kai wa ƙarfe. In dai yawancin yankanka a cikin ɗakin nan kake yin sa, 4x6 nake ba ka shawara. Amma ka saye shi da sanin cewa ba a gama shi ba a masana'anta, kai ne za ka ƙarasa shi.

Su biyun hanyar yankansu ɗaya ce. Ruwan zarto ne siriri mai haƙora, an haɗe bakinsa ya zama zobe, yana zagaya tayu biyu a hankali. Faifan inci 14 da ka saba da shi yana juyawa kusan sau 3,800 a minti, yana cinye wajen milimita 3 na ƙarfe a kowane yanka, ya bar maka baki mai zafi da kaifi sai ka bi da gurzawa. Zarto kuwa abin da yake ci bai wuce milimita ɗaya da ɗan wani abu ba, babu tartsatsi, kuma kana iya ɗaukar guntun da ya faɗo da hannu nan take. Ta wannan fuskar duk wanda ka ɗauka ka huta.

Na girken ya samo sunansa daga girman abin da yake iya yankawa: inci 4 da inci 6 in ƙarfen mai kusurwa huɗu ne, inci 4 da rabi in zagayayye ne, wato wajen milimita 115. Samfuri ne guda da masana'antun Taiwan da China suka daɗe suna bugawa, dillalai suna canja masa fenti da suna. A Amurka za ka gan shi a Harbor Freight da Grizzly da Jet, a Ingila da sunan Clarke, kuma in ka jera su da wuya ka bambance gangar jikinsu. Nauyinsa ya kai kilo 60 ko kusa da haka. Na hannun, irin na Milwaukee da DeWalt da Makita da masu araha da suka kwaikwaye su, kilo 6 zuwa 7 ne, kuma manyansu suna haɗiye ƙarfe mai faɗin inci 5. Ka ga ke nan wajen girman baki babu wani dogon bambanci.

Bambancin yana wajen wanda ke riƙe da aikin. A 4x6 ƙarfen kake matsewa a bayis, wato matsen da ke riƙe shi, ka sauke kan injin a hankali har haƙora su taɓa, ka sake shi. Nauyinsa ne ke tura shi ƙasa, akwai sifirin a gefe da kake ɗaurewa ko sassautawa don rage nauyin, kuma idan ya gama yanka wani ɗan ƙarfe yana danna makunnin ya kashe kansa. Yana yanka kana can kana auna na gaba. In za ka yanka fayif ashirin tsawonsu ɗaya don ƙafar benci ko firam ɗin ƙofa, ka saita matsayar tsawo sau ɗaya, duk su fito daidai. Na hannu kuwa kafaɗarka ce bayis, idonka ne sikwaya, wato ma'aunin kusurwa. Yankan farko da na biyu za su yi kyau. Zuwa na goma hannu ya gaji, bakin ya fara karkata, kuma kai mai walda ka san abin da karkataccen baki ke jawowa: rami a mahaɗa, ka yi ta cika shi da wuta, zafi ya ja firam ɗin ya murɗe.

Inda na hannun ya yi wa na girke fintinkau shi ne aikin da ba ya zuwa wurinka. Fayif da ke jikin bango, rodi da ya leƙo daga dakali, ƙofar da aka riga aka kafa. Haka kuma in ɗakin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, don rataye shi kake yi a ƙusa. Wasu suna ƙera masa ɗan tebur su tsayar da shi, ya zama zarton tsaye na yanka falle da ƙananan siffofi, kuma yana yin wannan da kyau. Shi ma 4x6 ana tayar da kansa tsaye a ɗaura masa ɗan teburin da ya zo da shi, sai dai teburin falle ne marar kauri, kuma tsayuwar ba ta da daɗi tunda gangar injin tana gabanka.

Maganar wuta kada ka yi wasa da ita. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce a kan 50Hz, ta Amurka 120 ce a kan 60Hz. In ka sayi na gwanjo da aka shigo da shi daga can, taransifoma za ta sauke maka bolt amma ba ta canja 50 ɗin nan zuwa 60. Motar 4x6 za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta kuma riƙa ɗaukar zafi. Na hannun bai damu da wannan ba sosai saboda motarsa mai buroshi ce. Ka duba farantin da ke jikin motar kafin ka biya kuɗi, ka nemi mai 220 zuwa 240. Motar 4x6 ƙarama ce, galibi wat 370 zuwa 550, amma tana fizgar wuta ninki-ninki a lokacin tashi, don haka ƙaramin janareto zai iya shaƙewa na ɗan lokaci. Duk da haka ta fi injin faifai mai wat 2,000 da ɗoriya sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da nake nufi da ƙarasa 4x6 ɗin. Ruwan zarton da ke zuwa a jikinsa na ƙarfe ne mai araha, ba ya daɗewa. Ka sa kuɗin ruwa mai kyau a cikin lissafinka tun farko, wanda aka rubuta bi-metal ko M42 a kwalinsa. Tsawonsa inci 64 da rabi, faɗinsa rabin inci. Na hannun yawanci inci 44 da 7/8 ne. Tun kafin ka sayi injin ka tabbatar akwai inda za ka riƙa samun wannan tsawon, ka kuma sayi biyu ko uku ka ajiye, domin faifai kowane lungu akwai shi amma ruwan zarto ba haka ba ne. Wajen haƙora, ƙa'idar ita ce a samu aƙalla uku suna cikin ƙarfen a kowane lokaci. Mai 10/14, wato haƙora 10 zuwa 14 a kowane inci, yana ɗaukar yawancin aikin angul da rodi da fayif mai kauri. Fayif marar kauri irin na kujeru yana son 14/18 ko 18, in ba haka ba haƙori ɗaya zai kama bakin fayif ɗin, ka ji ƙas, ka duba ka ga haƙora huɗu sun zube a jere. Sabon ruwa kuma a fara masa da sauƙi, a rage nauyin kan a yankan farko-farko har kaifin ya zauna.

Sai giyabos. Ka kwance murfinsa ranar farko ka zubar da man da ya zo da shi, ka goge ciki da tsumma. Ba abin mamaki ba ne ka ga ɓurɓushin ƙarfe ko yashin zubi a ƙasan. Giyar da ke ciki ta tagulla ce, ita ce zuciyar injin, kuma wannan dattin ne ke cinye ta. Ka zuba man giya mai kauri wanda ba ya cin tagulla. An fi aminta da man da aka rubuta wa GL-4 a kan mai GL-5.

Ƙorafin da aka fi yi da injin nan shi ne yanka a karkace, kuma kusan kullum saiti ne. Tayun injin a kishingiɗe suke, boris-boris ɗin da ke gaba da bayan wurin yanka su ne ke murɗa ruwan ya miƙe tsaye. Ka ɗaure ruwan tamau, fiye da yadda hannunka zai ce ya isa. Ka matso da boris har su taɓa shi ba tare da sun danne shi ba, ka jawo na gaban kusa da ƙarfen. Sannan ka yanki ɗan siririn yanki daga fayif mai kusurwa huɗu, ka aza sikwaya a kai ta sama da ta gefe, ka ɗaga shi ga haske. In haske na leƙowa ta gefe, bayis ne bai daidaita ba, kada ka yarda da lambobin da aka buga a jikinsa. In ta sama zuwa ƙasa ne, boris ne ko nauyi ya yi yawa, ko kuma haƙoran gefe ɗaya sun dakushe. Yammaci guda ya ishe ka wannan aikin, kuma saitin yana daɗewa bai goce ba.

Ƙafafunsa na falle ne, suna rawa. Kai da ke da injin walda, aikinka na farko da shi ya zama yanka angul ɗin da za ka yi masa sabuwar ƙafa, ka ɗaga shi daidai ƙugunka, ka sa tire a ƙasa ya tare garin ƙarfe.

Gudunsa uku ne, ana canjawa da matsar da bel a kan fuli, wajen mita 20, 30 da 50 a minti. Na tsakiya ga ƙarfen walda na yau da kullum, na ƙasa ga sitenles, na sama ga alminiyam. Ƙarfen da aka ƙona ya yi tauri, kamar sifirin ɗin mota ko shaf ɗin taya, kada ka kai shi ga kowanne cikin biyun, zai kwashe haƙoran cikin daƙiƙa. Saboda irin wannan ne ba zan ce ka sayar da injin faifanka ba. Kuma ko da yake yana kashe kansa, kada ka bar ɗakin yana aiki. In ruwan ya maƙale a cikin ƙarfe makunnin ba zai dannu ba, motar za ta yi ta gurnani a tsaye har ta ƙone, kuma yawancin masu arahar ba su da abin da ke katse wuta in ta yi zafi.