Repro-5: muryoyi biyar, kowacce da halinta

Wata bakwai ke nan ina aiki da Repro-5, manhajar da kamfanin u-he na Berlin ya fitar a 2017 don kwaikwayon Prophet-5, wata sintisaiza, wato na'urar kiɗa mai maɓallai da ke ƙirƙirar sauti da lantarki. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin sabon kayan kiɗa a makon farko komai nasa daɗi yake yi a kunne. Sai an zauna da shi ake sanin halinsa.

Prophet-5 ta asali ta fito ne a 1978 daga kamfanin Sequential Circuits na Dave Smith a Kalifoniya. Abin da ya ɗaga sunanta shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka saka mata, wadda ta ba makaɗi damar adana sauti 40 ya kira su da danna maɓalli ɗaya, maimakon ya sake murɗa komai da hannu. Muryoyi biyar gare ta, kowace murya da osileta biyu masu samar da sautin da filtarta mai tace shi. To a nan sirrin yake. Kayan lantarkin da ke cikin muryoyin ba su taɓa zama daidai wa daida ba, zafi ma yana ɗan karkatar da su. Idan ka danna maɓallai biyar tare, kamar mawaƙa biyar ne suka ɗauki baiti ɗaya, kowa da irin maƙogwaronsa.

Manhajar da na yi amfani da ita a baya ba ta kama wannan ba. Murya ɗaya take maimaitawa sau biyar, sautin ya fito a tsaye ƙyam, babu rai. Na sha ƙara masa amsa-kuwwa don in rufa masa asiri, amma kunne ba ya ruɗuwa.

Daren da na gane Repro-5 daban ce, ina zaune da hedifon a kunne, na riƙe maɓallai huɗu da hannun hagu, na kama murfin Voice Detune, abin murɗawa da ke ɗan karkatar da muryoyin daga juna, da dama ina ɗaga shi a hankali daga sifili. Da farko sautin a miƙe yake. Da na ɗan ƙara, sai muryoyin suka fara goga juna, wata ƙaramar rawa ta shiga tsakaninsu, tana zuwa tana komawa kamar numfashi. Na saki, na danna maɓalli ɗaya sau biyar a jere, kowane dannawa ya fito da ɗan bambancin da ba ya kai a kira shi kuskure. Daga nan na shiga shafin Tweaks, na tura wata murya hagu, wata dama, na bar ɗaya a tsakiya. Wallahi na fi minti ashirin ina kaɗa abu ɗaya ban gaji ba. Ba ni kaɗai nake ganin nan ne ran na'urar yake ba: da Sequential ta sake ƙera Prophet-5 a 2020, sai da ta saka mata murfi mai suna Vintage don dawo da wannan rashin daidaiton.

Sashen Poly-Mod, inda wani sashen murya yake juya sautin wani, shi ma an yi shi da kyau. Osileta ta biyu tana girgiza ta farko, sai ka samu ƙarar ƙararrawa ko ta ƙarfe mai kaifi, kuma filta ba ta yin ƙara mai soka kunne idan an buɗe ta sosai. An ƙara abin da tsohuwar ba ta da shi: muryoyi har takwas, da amsa ƙarfin dannawa, da 'yan kayan ƙawata sauti. Ina kunna su jefi-jefi, amma yawanci a biyar nake barinta. Idan maɓalli na shida ya ƙwace muryar na farko, hannu yana koyon taƙaitawa, kiɗan kuma ya fi samun sarari.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Lissafa kowane sashe na da'irar lantarki, kamar yadda Repro-5 take yi, aiki ne mai nauyi, kwamfutata kuwa ta kwana biyu. Idan na kunna HQ, maɓallin ƙara ingancin sauti, a kan layi uku ko huɗu na waƙa, fankarta takan tashi. Dabarata ita ce in tsara waƙar ba tare da HQ ba, in kunna shi a ƙarshe, in mayar da layin sautin da aka naɗa. Duk mai tsohuwar kwamfuta ya fara da manhajar ta gwaji kafin ya saya.

Ban ajiye manhajar TAL-U-NO-LX ba, mai kwaikwayon sintisaizar Juno-60 ta kamfanin Roland ta 1982. Ita osiletarta a daidaice take, faɗin sautinta daga korus yake zuwa, wato kayan ƙawata sauti mai ninka shi, kuma ba ta wahalar da kwamfuta. Idan ina son shimfiɗa mai laushi cikin gaggawa, ita nake buɗewa. Amma a waƙar da nake haɗawa yanzu, inda sintisaiza ce kaɗai ke riƙe da mawaƙiya tsawon baiti guda, Repro-5 na saka, muryoyi biyar, Voice Detune ƙasa da rabi kaɗan, ba amsa-kuwwa ko ɗaya.