Sharhi Kan Sandar Panhard Mai Zare da Bushin Kasta a Land Cruiser 80

Duk wanda ya ƙara wa Land Cruiser 80 tsayi da dogayen sifirin domin ta iya bin hanyoyin ƙauyukan Bokkos da Mangu na Jihar Filato a lokacin damina, ba zai daɗe ba zai gane cewa tsayin ya zo da nasa matsalolin. Wannan mota, wadda Toyota ta ƙera a Japan har zuwa shekarar 1997, aksul ɗinta na gaba da na baya duk sandararren ƙarfe ne guda mai haɗa tayoyi biyu, kuma da yake sifirin ɗinta masu murɗi ne, nauyi kawai suke ɗauka, ba sa riƙe aksul a mazauninsa. Aikin riƙewar na hannayen ƙarfe ne da ke hana shi gaba da baya, da kuma sandar Panhard, wadda ta samo sunanta daga wani kamfanin motoci na Faransa, ita ce ke kwance a gicciye tsakanin shasi da aksul tana hana shi gocewa gefe.

Bayan an ɗaga tawa da inci 2, sitiyari ya daina dawowa tsakiya da kansa idan an fito kwana, motar kuma ta riƙa yawo a kan titi, har gangaren Hawan Kibo ya zama wurin da hannu ba ya hutawa. Maganin da na saya shi ne sandunan Panhard guda biyu masu zare, waɗanda ake ƙara musu tsawo, da bushin (robar da ƙusa ke ratsawa a mahaɗar ƙarafa) da raminsu ya kauce daga tsakiya domin mayar da kasta, wato ɗan jinginar da kan aksul ke yi zuwa baya wanda ke sa tayoyin gaba su miƙe da kansu. Wani bakanike a Farin Gada da ke Jos ne ya ɗaura su.

Bushin kastan sun cika alkawari. Sun mayar da kusan digiri 2 na jinginar da ɗagawar ta cinye, sitiyari ya yi nauyi daidai gwargwado, yawon ya ragu ƙwarai. Illarsu ita ce robar ta fi siriri a gefe guda, don haka aksul ba ya lanƙwasa sosai a kan duwatsu kamar da, kuma ina sa ran za su riga na asali gajiya.

Sandar Panhard ce ke buƙatar dogon bayani, domin abin da masu sayar da ita ke faɗa, cewa tana maganin gocewar aksul bayan an ɗaga mota, rabin gaskiya ne. Sandar tana lilo ne a kan ƙusa ɗaya kamar ƙyauren ƙofa, saboda haka da zarar shasi ya yi sama sai ta karkace ta janyo aksul zuwa gefe. Bakaniken ya rataya igiya mai ɗaure da noti daga bakin kowace fenda, ya auna tazararsa da taya, sai ga bambanci ƙarara tsakanin hagu da dama. Ya riƙa murɗa sandar rabin zagaye yana sake awo har ɓangarorin suka yi daidai. Aksul ya koma tsakiya, amma a tsaye kawai. Karkatar sandar tana nan, kuma muddin tana nan, duk lokacin da taya ta faɗa rami sai bayan motar ya ɗan yi tsalle gefe, abin da ake ji sosai a kan gargada. Sai da aka ƙara ƙarfen da ke ɗaga mazaunin sandar baya a kan aksul, ta koma kusan kwance, sannan wannan fizgar ta lafa. A ganina wannan ɗan ƙarfe, wanda ya fi sandar araha, ya fi ta amfani, kuma ya kamata a ce tare ake sayar da su.

A gaba kuwa bakaniken ya ƙi taɓa mazaunin sandar, kuma yana da hujja. “Alhaji, in ba ta tafi layi ɗaya da sandar sitiyari ba, duk ramin da ka shiga motar za ta karya kai da kanta,” in ji shi.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne bushin roba mai tauri da suka zo a jikin sandunan. Ƙurar hunturun Jos tana shanye giris ɗinsu, sai su kama ƙara, kuma suna isar da girgizar hanya cikin mota fiye da na asali. Wanda ba shi da haƙurin yawan shafa giris, gara ya nemi sanda mai bushin roba irin na kamfani, ya kuma tabbatar ba a ɗaure ƙusoshin tamau ba sai motar ta sauka daga jak ta tsaya a kan tayoyinta, domin robar da aka matse tana rataye murɗewa take yi ta yage da wuri.