Waƙoƙin Wasan Dandamalin da Bai Karɓu Ba: Tsohon Kaset ko Situdiyo?

Masoya waƙoƙin wasan dandamalin da bai yi kasuwa ba suna yawan tambaya: a ceto tsohon kaset, ko a sake rerawa?

Kaset ya fi araha: rakoda mai lafiya, waya zuwa kwamfuta, shi ke nan. Sai dai zafin Kano da ƙurar hunturu suna lalata zaren kaset. A fara goge kan rakodar, wato ƙarfen da ke karanta zaren, da auduga da sifirit, in ba haka ba murya ta dushe. Amma tafi da shewar 'yan kallo duk suna cikin kaset ɗin.

Situdiyon Titin Gidan Zoo da ke Kano kuwa sauti tas, sai dai da tsada, ga neman izinin mai waƙa, kuma fiyano kan danne kalangu.

Kaset ya dace da mai adana tarihi. Mai son gidajen rediyo su saka waƙar, ya nufi situdiyo.